Fidar kwano ta Panteka da fidar roba: wacce ta fi wa cikin kaza lafiya?

Mazubin abincin kaji iri biyu ne suka fi yawa a hannun masu kiwo a Kaduna. Akwai fidar roba mai jan gindi da farin bututu, wadda ake samu a shagunan kayan kiwo na cikin gari, akwai kuma fidar kwano mai rataya da maƙeran Panteka ke bugawa da hannu. Yawancin masu saye farashi suke dubawa, sai kuma wacce ce ba ta ɓarnar abinci. Wannan sharhi ya ɗora su a kan wani ma'auni da ba a cika kula da shi ba, wato wacce ce ke sakin ɓurɓushin roba cikin abin da tsuntsu ke haɗiya. Wajen busasshen abinci fidar kwano ta fi, matuƙar an ƙera ta yadda ya kamata. Wajen ruwa da magani da rigakafi kuwa kwano bai dace ba ko kaɗan, roba mai kyau ko kasko ake bukata. Kafin a gane dalili sai an leƙa cikin kazar kanta.

Kaza ba ta da haƙori. Abin da ta tsattsaga yana fara sauka ne a jakar da ke gindin wuyanta, ya jiƙa, ya wuce wani ɗan tumbi mai taushi wanda ke tsattsafo da ruwan narkar da abinci, daga nan ya faɗa ƙundu. Ƙundu shi ne dutsen niƙanta, tsoka ce mai ƙarfi da ke murza tsaba da taimakon tsakuwar da ta haɗiya da gangan. Saboda haka haɗiyar ƙananan abubuwa masu tauri halittarta ce, kuma idonta na son abu mai launi da ƙyalli. Gutsuren jar roba ko shuɗin zaren buhu ba ya wuce ta. Ruwan cikinta ba ya narkar da roba. Ƙananan gutsattsari suna bin kashi su fita, manya kuma su zauna a ƙundu ana ta gurza su har su ragargaje. Duk gutsuren da bai kai milimita 5 ba shi masana ke kira ɓurɓushin roba, kuma tun 2004, lokacin da Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila ya nuna yawansa a teku, bincike a kansa bai tsaya ba.

Illa ta farko ita ce mafi sauƙin ganewa, kuma a kan kaji aka fara gwada ta. A 1988 Peter Ryan na Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ya ciyar da wasu kaji ƙwayoyin roba, ya bar wasu babu. Waɗanda suka haɗiyi robar sun riƙa cin abinci kaɗan a kowane zama, girmansu kuma ya yi jinkiri, domin robar ta tare gurbin abinci a ciki. Ga mai kajin nama da ke lissafin mako shida zuwa takwas, jinkirin girma kuɗi ne ke zuba a ƙasa. A 2017 kuma wasu masu bincike suka auna gidajen karkara a kudu maso gabashin Meksiko, inda kaji ke kiwo a tsakar gida kamar yadda namu ke yi a Rigasa ko Hayin Banki. A cikin ƙasar gidajen sun sami ƙasa da ƙwayar ɓurɓushi ɗaya a kowane giram, a kashin tana kusan 15, a kashin kaji kuwa kusan 130. A ƙundun kowace kaza an sami kimanin ƙwaya 10. Tsakar gida tana iya zama fes a ido, amma kaza tana tattara abin da ido bai gani ba.

Abin da ya fi tayar da hankali daga tsibirin Lord Howe ya fito, mai nisan kusan kilomita 600 daga gabar gabashin Ostareliya. Akwai wani tsuntsun teku da ke haƙa rami ya yi sheƙa a can, iyaye suna ɗebo gutsattsarin roba a kan ruwa suna ɗura wa 'ya'yansu a zaton abinci ne. Jennifer Lavers da Alex Bond da abokan aikinsu sun daɗe suna bin waɗannan tsuntsaye. A 2019 sun nuna cewa waɗanda ke ɗauke da roba suna da ƙarancin kalsiyam a jini, da ƙarancin nauyi, da gajerun fukafukai. A 2023 suka duba ɗan tumbin nan mai taushi na tsuntsaye 30 a ƙarƙashin madubin likita, suka tarar da tabo ya mamaye shi. Gefen robar yana ta sukar bangon ciki, wurin ya kumbura, ya warke da tabo, a sake suka, har tsokar ta yi tauri, ƙananan bututun da ke fitar da ruwan narkewa su lalace. Sun raɗa wa cutar suna filastikosis. Duwatsu marasa nauyi na aman wuta da tsuntsayen ke haɗiya ba su haifar da irin wannan tabo ba, wato cikin tsuntsu ya san yadda zai yi da dutse, roba ce baƙuwa a wurinsa. Masu kiwon tantabaru su lura da wannan sosai, domin tantabara ma ta baki take ɗura wa 'yan shila, abin da uwa ta tsinta a bola shi ɗan zai samu, alhali cikinsa bai yi ƙwari ba.

Adalci ne a kawo ɗaya ɓangaren. Wani gwaji da aka wallafa a 2019 a kan salwar Japan ya nuna cewa roba kaɗan ba ta kashe tsuntsayen ba, ba ta kuma rage ƙyanƙyasar ƙwansu ba. Abin da aka gani shi ne ɗan jinkirin girma da na balaga, da ƙarin ƙulluttai a gaɓoɓin haihuwa na mazan. Don haka babu wanda zai ce fidar roba ce za ta wayi gari ta kwantar da garke. Matsalar a hankali take ci, kuma gwargwadon yawan abin da aka haɗiya da kaifinsa. Wannan ne ya sa ingancin robar ya fi sunanta muhimmanci.

Fidar roba tana da kirkinta. Ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, ana wanke ta cikin minti biyu, ana ganin inda abinci ya tsaya ta jikin bututun, kuma ba ta yankar tukkun zakara ko hannun yaro. Wadda aka yi da sabuwar roba, aka kuma saka mata sinadarin jure rana, tana shekaru a cikin inuwa ba ta canja ba. Idan aka kifa ta, a gindi ana iya ganin ɗan alwatika da lamba a ciki. Lamba 5 ko 2 ake so, su ne robobin da aka saba yin mazuban abinci da su. Jikinta sumul yake da sheƙi, launinta ɗaya ne daga sama har ƙasa, idan aka lanƙwasa bakin tiren yana komawa yadda yake ba tare da ya yi farin layi ba.

Sai dai akwai mai araha, wadda aka narka tsofaffin robobi aka sake zubawa, wani lokaci a haɗa da garin farar ƙasa don a rage tsada. Ita launinta a dushe yake, da ɗigo-ɗigon baƙi ko zane-zane a jiki, wani sa'in har da ƙaurin ƙuna idan aka shinshina. Tana yin fari a inda aka lanƙwasa. Robar lamba 5 da ta lamba 2 zalla suna tasowa saman ruwa, amma wadda aka cika wa gari tana nutsewa, don haka gutsuren tsohuwar fida a kofin ruwa yana faɗa maka irin abin da ka saya. Baƙar roba ta fi kowacce bukatar taka-tsantsan, domin akan same ta da narkakken jikin tsofaffin talabijin da kwamfuta, waɗanda aka saka wa sinadaran hana kama wuta. Irin wannan ba ta dace da abincin dabba ba.

Rana ce ke kashe roba. Haskenta yana tsinka igiyoyin sinadarin da suka riƙe ta, saman ya bushe ya fara gari. Ranar Maris da Afrilu a Kaduna ba ta wasa, ƙurar hunturu kuma tana ƙara gurzar jikin. Ɗauki fidar da ta yi rani ɗaya a tsakar gida ka duba bakin tirenta da kyau. Jan ya koma fari-fari. Akwai ƙananan tsaga masu yawa da suka sarƙe da juna, akwai ramukan da bakin kaji ya sassara a daidai inda suke yawan duka. Ja farcenka a wurin, za ka ga gari mai launi ya maƙale a ƙarƙashinsa. Wannan garin yana zuba ne kai tsaye a kan abinci, kuma kaza tana dukan tire ba adadi a yini. Fidar da ta kai wannan matsayi ta gama aiki ko da ba ta fashe ba. Wankin da soson ƙarfe yana gaggauta lalacewar, kuma ƙarzunan da yake bari maɓoya ce ta ƙwayoyin cuta. Soso mai laushi da sabulu sun wadatar.

Wannan hukunci ya hau kan kayan dabara na gida ma. Jarkar da aka yanka biyu da zarto, da bututun ruwa da aka tsaga da injin yanka, da tsohon bokitin fenti, duk suna barin gari a bakin yankan. Wanda ba shi da halin sayen wani abu, ya kankare bakin da wuƙa har ya yi sumul, ya wanke sosai, ya ajiye a inuwa. Farar robar nan mai kama da kumfa da ake zuba abincin sayarwa a ciki kuwa kada ta kusanci kaji ko da wasa. Suna sonta ƙwarai, garke yana iya cinye guda ɗaya kafin a ankara. Haka ma tsohon soson katifa.

Fidar kwano ba ta da wannan matsala gaba ɗaya, rana ba ta yi mata komai, bakin kaza ba ya ɓantarar ta, ɓera ma ba ya huda ta. Ta fi robar araha tsada, amma tana daɗewa, kuma idan ta lotse maƙeri yana buga ta ta dawo. Sai dai da yake aikin hannu ne, ingancinta ya danganta da wanda ya buga da kuma abin da mai saye ya nema. A Panteka akwai gwanaye na gaske, kuma sun fi jin daɗin aiki da wanda ya zo da awo a takarda.

Ga awon da ke aiki ga manyan kaji. Kwanon ya zama sabo, mai rufin zink da ke hana tsatsa, kaurinsa daga rabin milimita zuwa 0.7. Ragowar kwanon rufin ɗaki ya yi sirara, yana lotsewa, bakinsa kuma reza ne. Bututun ya kai tsayin santimita 45 zuwa 50, faɗin samansa 20, na ƙasansa 25. Wannan bambancin ba ado ba ne, idan sama da ƙasa suka zo daidai garin abinci yana cushewa ya ƙi sauka, musamman da damina. Tiren ya yi faɗin santimita 40 da zurfin 7 zuwa 8, a lanƙwaso bakinsa ciki kamar santimita ɗaya don kada kaji su riƙa watso abinci waje. A tsakiyar tiren a yi ɗan tsini mai kama da malfa wanda zai riƙa tura abinci gefe. Tazarar da ke tsakanin gindin bututu da tire ta zama mai gyaruwa, a huda ramuka uku a jikin sandar da ke haɗa tire da bututu, daga santimita 2 zuwa 4, ƙarama don ƙwayoyin abinci, babba don gari. A yi murfi, in ba haka ba kaji za su hau su yi kashi a ciki. Irin wannan fida tana ɗaukar kilo 11 zuwa 12, kusan rabin buhu mai kilo 25. Kewayen tirenta ya kai santimita 125, idan aka ba kowace kaza santimita 4 ta ishi kaji 30. Mai kaji 100 masu ƙwai ya sayi huɗu. Kowace kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato garken yana tashi da kilo 11 zuwa 12, don haka ba a cika su taf. A zuba na kwana ɗaya ko biyu, domin daga Yuli zuwa Satumba abincin da ya kwana uku a bututu yana fara fumfuna. A rataye ta yadda bakin tire zai zo daidai da gadon bayan kaza, a riƙa ɗagawa suna girma.

Magana uku ce ta fi muhimmanci a gaya wa maƙeri. "Malam, don Allah a naɗe min duk bakin da hannu zai taɓa, a haɗa da ribit ko a yi ninki, kada a sa dalma, kada a yi walda." Bakin da ba a naɗe ba yana yanka tukku da leɓatun kaji, kuma da zarar sun ga jini sai su rufar wa mai ciwon da tsattsaga. Dalma guba ce ga tsuntsu, 'yar kaɗan tana taɓa jijiyoyi da jini, tana kuma iya shiga ƙwai. Walda tana ƙone rufin zink, daga wurin tsatsa ke farawa a damina ta farko. Sannan a tambayi asalin kwanon. Wanda aka yanko daga durom ɗin fenti ko na maganin feshi ko tsohon allon talla mai fenti, a bar shi komai arharsa. Ɓawon fenti shi ma roba ne a mafi yawan lokuta, tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, an gudu ba a tsira ba ke nan. Kada kuma a yarda a yi wa cikin tire fenti don kyau.

Idan an kawo ta gida, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu don cire man da ke jikin sabon kwano, a girgiza, a bi lungunan da mayen ƙarfe. Gutsuren waya ko yankakken kwano da ya maƙale a ninki ya fi roba haɗari, domin yana iya huda ƙundu. A shanya ta ta bushe sarai kafin a zuba abinci. Idan daga baya wani farin gari ya fito a jikinta, alamar ta sha laima ce, a goge shi da buroshi a busar, kada a bari kaji su ci. Idan jar tsatsa ta kama cikin tire har tana ɓanɓarowa, a kai a sake tiren kawai, bututun yana nan da ransa.

Inda kwano ya faɗi warwas shi ne ruwa. Duk abu mai tsami yana narkar da zink, tsuntsu ya sha, ya kamu da kasala da zawo da rama. Masu zuba ruwan khal ko lemon tsami ko jiƙon tsamiya a ruwan kaji kada su yi a mazubin kwano. Jiƙaƙƙiyar dusa da ta kwana ta yi tsami ma haka. Magungunan dangin tetirasaikilin suna ɗaurewa da ƙarfe da zink, ƙarfinsu ya ragu. Rigakafin Gumboro da Lasota da ake bayarwa a ruwa ƙwayoyi ne masu rai, ƙarfe da sinadarin kulorin na ruwan famfo suna kashe su, mutum ya yi zaton ya yi rigakafi alhali ruwa kawai ya ba su. Ranar rigakafi dirinkar roba mai tsabta, wato mazubin ruwan kaji, ake amfani da ita, da ruwan rijiya ko burtsatse, a zuba garin madara marar mai giram 2 a kowace lita, a janye ruwa awa ɗaya zuwa biyu kafin nan, su kuma shanye cikin awa biyu. Don shan yau da kullum, kaji 100 masu ƙwai suna bukatar lita 20 zuwa 25 a rana, da bazara ya kan kusa ninkawa. Dirinkar roba mai lamba 2 ko 5 ta dace, a ajiye ta inda rana ba ta bugu, a canja ta da zarar ta fara gari. Mai kaji goma ko ashirin a gida kuwa, Hajiya, kaskon yumɓu ya fi miki komai. Ba ya sakin roba, ba ya sakin zink, ruwa yana sanyi a cikinsa. A wanke shi kullum, a jera tsakuwa a ciki idan akwai 'yan tsaki don kada su nutse.

Amma duk wanda ya sayi fidar kwano ya ɗauka ya gama da roba, bai duba buhu ba. Buhun abinci da na dusa da na masara saƙar zaren roba ne, kuma ba ya jure rana. Wanda aka rataya a jikin ragar keji don tare iskar hunturu, kafin bazara ta ƙare ya zama gari, taɓa shi kawai zai zubo maka a tafin hannu, a kan shimfiɗar da kaji ke tona kullum. Labulen hunturu a ɗaure shi ta waje, a sauke shi da zarar sanyi ya wuce, a naɗe a ajiye a ɗaki. Zana ko asabari sun fi shi. Wajen buɗe buhu kada a tsaga da wuƙa, a warware ɗinkin ta bakin zaren, a saka zaren a aljihu. Doguwar igiya tana naɗe harshe, tana dunƙulewa a jakar wuya ta toshe hanya, tana kuma ɗaure yatsun tantabara har su guntule. A juye abincin a durom mai murfi, kada a riƙa kankare gindin buhu da kwano.

Masu haɗa abincinsu da kansu su ne suka fi shiga hatsari, domin injin niƙa ba ya zaɓe. Zaren buhu da gutsuren leda da suka bi masara cikin injin suna fitowa ne gari, babu rariyar da za ta tare su. Tsintar ta kafin niƙa ake yi, a baza a tabarma a duba, a kuma tankaɗe dusa da rariya mai ido milimita 5. Ragowar biskit da taliya da burodi da wasu ke saye don rage tsadar abinci sukan zo da guntayen ledarsu, sai an zauna an cire. Kajin Hausa da zabbi da agwagi masu yawo kuwa maganinsu shara ce. Ledar fiya wata da ta sha rana tana farfashewa ta gauraya da ƙasa, agwagwa kuma tana tace laka a kwata da bakinta. A ware musu kwanon tsakuwa mai tsabta, milimita 2 zuwa 4 ga matasa, 4 zuwa 6 ga manya, don kada neman tsakuwa ya riƙa kai su juji.

Alamomin tsuntsun da roba ta dama ba su da tambari na kansu. Rama ce, da ƙashin ƙirji da ya fito, da jinkirin girma, da ƙarancin kashi, da jakar wuya da ta wayi gari cike alhali ya kamata ta kwana ta sauka. Tsutsar ciki da zawon jini da wasu cututtuka suna kawo irin wannan, don haka likitan dabbobi ne zai rarrabe. Babu maganin da ke narkar da roba a ciki, kuma ɗura wa kaza mai da ƙarfi yana iya bi ta hanyar numfashi ya kashe ta.

Hanyar da ta fi gaya wa mai kiwo gaskiyar gidansa ita ce ƙundun kazar da aka yanka. A tsaga shi a kan farin faranti, a juye abin da ke ciki. A narka gishiri giram 360 a lita ɗaya ta ruwa, a zuba a kofin gilashi, a juye kayan ƙundun a ciki a motsa, a bari minti goma. Tsakuwa da yashi da gilashi za su kwanta, yawancin robar buhu da leda da fida za su taso tare da ɗan ƙaiƙayi. A kwashe na saman a shanya a farar takarda. Ƙaiƙayi launin ƙasa ne, roba kuwa sai ka ga ɗan shuɗin zare a murɗe, ko jan ɓawo mai kaifin gefe, ko farin ƙwallo da gurza ta mayar sumul. Wanda ake shakka a taɓa shi da allura mai zafi, roba tana narkewa ta nannaɗe, tsiro yana ƙonewa ne kawai. Launin yana nuna inda abin ya fito, ja daga fida, shuɗi ko kore ko fari mai faɗi daga buhu, baƙi mai laushi daga leda. A duba har da fatar nan mai ruwan ɗorawa da ke shimfiɗe a cikin ƙundu, ko akwai ƙarzuna ko rami. Wajen girki a ɓare wannan fata gaba ɗaya, a wanke ƙundun da ruwa mai yawa kafin ya shiga tukunya.

Tsofaffin fidodin roba da yagaggun buhuna kada a cinna musu wuta a bayan keji, yadda aka saba. Ƙona roba a fili yana haifar da dayoksin, guba mai zama a toka da ƙasa, kaji su tona su ci, ta taru a kitsensu da gwaiduwar ƙwai. A 2019 an auna ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, unguwar da a lokacin ake ƙona tarkacen kayan lantarki a birnin Akara na Gana, aka tarar ƙwai ɗaya ya zarce abin da hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta amince mutum ya ci a rana har sau 220. Can wuri ne na musamman, amma hanyar da gubar ke bi ɗaya ce. Robar mai tauri a tara ta a buhu a ba 'yan gwangwan, suna saye da awo. Inda aka taɓa ƙona shara a cikin gida a kankare saman ƙasar da tokar a fitar, a zuba sabon yashi, ko a kewaye wurin da raga yadda kaji ba za su kai gare shi ba.